In'inar Waifa

A Dilimi na saye shi, wata Laraba,
a rumfar Sabitu mai kayan gyara,
'yar kwalba da ba ta kai tafin hannu ba.
Ya ce, "Ɗiga a tsumma ka murza,
ka bari ya sha iska, ka sake murzawa.
Ruwa zai riƙa gudun gilashinka
kamar wanda kake bi bashi."
Ya ce dubu huɗu, na taya uku da rabi,
ya ce albarka. Na juya, ya kira ni.

Bai yi ƙarya ba.
Ruwan farko ya riske mu a Gada Biyu,
ya sauka ya dunƙule, tsaba-tsaba,
kamar raɓa a ganyen gwaza.
In na taka mai, sai ɗigon ya juya ya hau sama,
yana neman hanyar da ya biyo.
Rumasa'u a kujerar gaba,
kujerar da uwarta ta bari bara,
ta zaɓi ɗigo ɗaya ta ce nata ne,
ta zaɓa mini wani, muka yi tsere.
Nata ya ci.

Sai marka ta kama.
Ba ruwa mai tsawa ba, ba mai ƙanƙara ba,
yayyafin nan na Agusta mai naci
da ke wuni a kan Dogon Dutse bai gaji ba.
Ga cunkoso a Taminus, mota ba ta motsi,
ba iskar da za ta kwashi ɗigon.
Na kunna waifa.

Gar-gar-gar ta tafi,
gar-gar ta dawo,
tana tsalle, tana ciza, tana saki,
kamar haƙoran yaro da aka yi wa wanka da asuba
a sanyin garin nan.
Ta bar zane-zane a gilashi,
fitilun keke-napep suka tarwatse a ciki.
Rumasa'u ta ce, "Baba, in'ina take yi.
Me take son faɗa?"
Na ƙara murya a rediyo.

Na sauya roba sau biyu.
Ta farko ta kwana uku da ladabi,
ta biyu tun a bakin shago ta fara.

A Farar Gada, Davou ya fito daga ƙarƙashin wata tsohuwar Fijo,
ya goge hannu a wando,
ya watsa ruwan leda a gilashin, ya tsaya kallo.
Ya shafa da bayan yatsa.
"Oga, me ka sa?"
Na nuna masa kwalbar.
Ya yi dariya, ba ta mugunta ba.
Ya ce, "Roba ba ta da laifi.
Ita a kan jiƙa take tafiya.
Ka hana gilashi ya jiƙe,
ka ce ta share abin da bai zauna ba.
Dole ta yi tuntuɓe."

Na yi shiru fiye da yadda maganar waifa ta kamata.
Wata goma sha ɗaya ke nan
ana yaba mini haƙuri a masallacin Gangare,
ana cewa ko a maƙabarta idona bai kawo ruwa ba.

Ya kawo omo da toka da ɓarin lemon tsami,
ya dirza har gumi ya keto masa a cikin sanyi,
ya kama hannun waifar da filaya ya ɗan murɗa.
"Ba zai fita yau duka ba," in ji shi,
"abin ya shiga jikin gilashi. Sai a hankali."

A hanyar gida ruwa ya sake saukowa.
Wannan karon ya kwanta, ya bazu, ya rufe mini hanya,
sai da robar ta zo ta buɗe,
ya sake rufewa, ta sake buɗewa.
A can gefen Rumasa'u, kusa da ƙasa,
akwai wuri ɗaya da har yanzu take ɗan sarƙewa.
Na kashe rediyo.
Muka saurara har Rikkos.